Devon ko gaɓar Faransa: ina mai keke zai fara doguwar tafiyarsa?

Wata ranar Asabar mun dawo daga zagayen safe, mun jingina kekunanmu a gefen teburin mai shayi a Unguwar Rimi, gumi bai gama bushewa ba sai ga waya daga ɗan yayata da ke karatu a Ingila. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, sannan ya ce, "Kawu, bayan jarrabawa ina da mako guda, kuma na ɗan tara wani abu. Ina so in yi irin tafiyar keken nan da kake ba mu labari. Abokina ya ce mu ƙetara Faransa, ni kuwa na ga wata hanya a nan Devon. Wacce ka ga ta fi?" Na ce masa ya bari in je gida in zauna, wannan ba amsar tsaye ba ce. Abokan hawan da ke wurin suka ce in na gama ba shi amsa in rubuta, don da yawansu suna da ɗa ko ƙane a can, wasu kuma aiki yakan kai su. Ta Devon na bi ta lokacin da nake karatu, ta Faransa kuma na bi wani yanki nata bayan wasu shekaru, saboda haka abin da ƙafata ta taka zan faɗa.

Wanda ya saba tuƙa keke daga Kawo zuwa Kasuwa, ko ya bi ta Mando da safe, ya san rabin hankalinsa a baya yake. Kunne yana sauraron tirela, ido yana kan mai Keke Napep da zai tsaya a gabanka ba sigina, yatsu a kan birki. Kana isa gida kafaɗunka sun ƙage, ba don nisa ba, don fargaba. Hanyoyin da nake magana a kansu an ware su ne don mai keke da mai tafiya a ƙasa, wani wurin har da mai doki, mota ba ta shiga. Ranar da na fara hawa irinsu na fi awa guda ina waiwaye, jikina ya ƙi yarda cewa babu abin da ke tafe a bayana. Da ya yarda, sai na soma jin abubuwan da ban taɓa ji a kan keke ba: ƙarar tayata a kan kwalta, kukan tumaki daga can kan tudu, har numfashina.

A Ingila yawancinsu tsofaffin layukan dogo ne. A 1963 rahoton da aka fi sani da sunan Beeching ya ba da shawarar a rufe dubban mil na layin jirgin ƙasa, aka kuwa cire ƙarafa, turbar ta zauna shekaru ciyawa na cinye ta. Daga baya hukumomin yankuna da ƙungiyar Sustrans, wadda ta soma a Bristol a 1977, suka riƙa mayar da su hanyar keke, a 1995 kuma aka fara haɗa su cikin tsari guda mai lambobi. A nan daɗinsu yake. Jirgin ƙasa ba ya hawan tudu mai tsini, don haka magina na da suka fasa duwatsu, suka cike kwaruruka, suka ɗora gadoji, mai keke ya zo ya gaji wahalarsu.

Hanyar Devon, yankin da ke kudu maso yammacin Ingila, sunanta Devon Coast to Coast, wato daga teku zuwa teku. Tana tashi daga Ilfracombe a arewa ta ƙare a Plymouth a kudu. Mil 99 ce, kusan kilomita 160, kamar ka tashi daga Kaduna ka je Zariya ka dawo. Wajen mil 70 daga ciki babu mota. Alamarta allo ne shuɗi mai lamba 27 a cikin jan akwati, ka bi shi ba za ka ɓata ba. Ƙwararru suna gama ta a kwana biyu, yawancin mutane uku, ni dai na fi son a ba ta huɗu ko biyar.

Yankinta mafi daɗi ga sabon shiga shi ne daga Braunton zuwa Meeth, mil 30 na Tarka Trail, ta Barnstaple da Bideford da Great Torrington. Hanyar tana bin bakin kogin Taw, sannan ta juya ta bi Torridge. A nan na fara ganin abin da ɗan Kaduna ba ya gani a gida. Mun san Kogin Kaduna yana cika a Agusta, ya janye da rani har duwatsu su fito a bayan Gamji. Can kuwa cikin awa shida ake yin wannan. Na wuce da hantsi ruwa ya cika maƙil, ƙananan jirage suna lilo a kai. Na tsaya a Instow na ci burodi na yi salla, da na sake leƙawa ruwan ya tafi, jiragen suna kwance a gicciye a kan taɓo, tsuntsaye masu dogon baki suna tsattsagar abinci a tsakaninsu. Teku ce ke shigowa ta fita sau biyu a yini. Na daɗe a tsaye ina tasbihi.

Sai dai daga Meeth turbar jirgin ta yanke. Daga nan zuwa Okehampton, ta garin Hatherleigh, titunan ƙauye za ka bi, kuma duk wanda ya ce maka Devon shimfiɗaɗɗiya ce wannan yankin ya ɓoye maka. Titin faɗin mota ɗaya ne, an tsare shi hagu da dama da shinge mai rai wanda ya fi mutum tsawo, ba ka ganin abin da ke bayan kwana. Ka gangara kwari, ka hau, ka sake gangarawa. Motoci kaɗan ne kuma direbobin suna da haƙuri, amma kana iya yin kiciɓis da tarakta ta cika hanya. Da kaya a bayan keke sai da na sauka na tura sau da yawa, kuma haka na ga wasu suna yi. Bayan Okehampton sai ladan wahala: Granite Way, mil 11 zuwa Lydford, tsaunukan Dartmoor a hagunka, ka bi ta kan gadar ƙarfe ta Meldon da aka gina a 1874, kwari can ƙasa, iska na kaɗa maka riga. Daga Lydford zuwa Tavistock akwai sauran titi da tudu. Mil 21 na ƙarshe, Drake's Trail, suna ratsa ramukan jirgi masu sanyi da ɗigar ruwa, don haka a riƙe fitila, sannan hanya ta yi ta gangara a hankali cikin itatuwa har Plymouth.

Ta Faransa wata aba ce daban. Sunanta La Vélodyssée, an buɗe ta a 2012, ta tashi daga Roscoff a arewa maso yamma ta bi gaɓar Atlantika har Hendaye a kan iyakar Sifen. Wajen kilomita 1,300 ce, ta fi tsohon layin dogo daga Legas zuwa Kano tsawo, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari nata babu mota. Mai yin kilomita 50 zuwa 60 a yini zai haura mako uku a kanta. Don haka mai mako guda ba Vélodyssée zai yi ba, yanka zai yi daga cikinta. Abin da mutane da yawa ba su lura ba, hanyoyin nan biyu igiya ɗaya ce: dukansu suna cikin babbar hanyar EuroVelo 1, kuma daga Plymouth, inda ta Devon ta ƙare, jirgin ruwa yana kai mutum da kekensa Roscoff cikin kimanin awa shida in da rana ne.

Yankin farko, daga Roscoff zuwa Nantes, wajen kilomita 400, yawancinsa cikin ƙasa yake, a kan tsohon layin dogo da gefen wata doguwar mashigar ruwa da aka haƙa don jiragen kaya. Shiru ne da kore, amma ba teku. Ni yankin da na bi shi ne daga La Rochelle zuwa Arcachon, tafiyar kwana biyar zuwa shida ba gaggawa. A Rochefort akwai wata gada ta 1900 da ba a tafiya a kanta: dandamali ne aka rataya da igiyoyin ƙarfe, ka tura kekenka ka tsaya, shi ya ƙetare da kai kogin Charente. Sai fadamu da tafkunan kiwon abincin teku a wajen Marennes, sai Royan, inda za ka shiga jirgin fito ka haye bakin kogin Gironde. Kana sauka ka shiga daji.

Dajin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Da can yankin fadama ne da yashi mai tafiya, iska tana tura tuddan rairayi suna binne gonaki da gidaje. Aka fara kafe yashin da shuke-shuke, a 1857 kuma aka yi dokar da ta tilasta wa garuruwan yankin dasa itatuwa. Yau dajin Landes ya kai wajen hekta miliyan ɗaya, kusan duk itacen fayin ne da mutum ya dasa da hannunsa. Duk wanda ya taɓa ganin layukan darbejiya da aka dasa a Katsina da Jigawa don tare hamada zai gane tunanin nan take, sai dai nasu ya shekara fiye da 150 ana kula da shi. Hanyar keken siririyar kwalta ce a tsakiyar itatuwan. In rana ta ɗaga, ƙamshin ƙaron itacen yana cika hanci, gyare yana ta kuka kamar a gonar dawa. Ba tudu sai 'yan ƙananan hawa da sauka a kan tsofaffin tuddan yashi. Wani wurin saiwa ta ɗaga kwaltar, wani wurin yashi ya rufe ta, in ka shiga da gudu tayar gaba ta zame.

To ga abin da hotuna ba sa faɗa, kuma ya shafi hanyoyin biyu. Wanda ya zaɓi ɗayarsu don ya yini yana kallon teku zai sha mamaki. Ta Devon tekun tana farko da ƙarshe ne, tsakiyarta gonaki da tsaunuka. Ta dajin Faransa kuwa kana jin rugugin tekun a damanka, amma tudun yashi ya tare ta, sai ka ajiye keke ka taka ka hau kafin ka gan ta. Kwana na biyu a dajin wasu sukan gaji, itace ɗaya, hanya ɗaya, awa bayan awa. Ni ban gaji ba, shirun ya yi mini magani, amma na san saurayi mai jini a jika zai iya ƙosawa. Devon kowace awa da sabon abu: kogi, gada, ƙauye, rami, tsauni. Mai son teku a idonsa ya nemi yankin da ke arewa da La Rochelle, ko ya jira ya kai Dune du Pilat kusa da Arcachon, tudun yashi mafi tsawo a Turai, sama da mita 100. Daga samansa teku a gabanka, daji a bayanka, ka ga iyakar aikin da aka yi.

Yanzu maganar da ta fi kowace nauyi ga mai koren fasfo. Bizar karatu ko ta ziyara ta Birtaniya ba ta shigar da kai Faransa. Sai ka nemi bizar Shengen daban, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da Faransa ke ciki, kuɗinta Yuro 90 ga babba tun daga Yunin 2024, ban da na kamfanin da ke karɓar takardu. Za a nemi inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar kuɗi a banki, da tikitin komawa, da shaidar inda za ka kwana. Wannan na ƙarshen shi ke cin karo da tafiyar keke, domin daɗinta shi ne ka yada zango inda ƙafarka ta ce ya isa, su kuwa suna son ganin masauki a rubuce tun kafin ka tashi. Ga wahalar samun ranar ganawa in bazara ta gabato. Abokin ɗan yayata fasfonsa na can ne, shi ya sa Faransa ta zo masa da sauƙi a baki. Wanda zai taso daga Kaduna takanas, ko wacce ya zaɓa sai ya nemi biza, nan kam sun yi kunnen doki. Amma wanda ya riga yana Ingila, Devon tikitin jirgin ƙasa kawai take nema.

Sannan a lissafa kwanakin zuwa da dawowa. Daga Exeter, babban birnin Devon, jirgi yana zuwa Barnstaple, tun Nuwamban 2021 kuma an sake buɗe layin Okehampton, ga babbar tasha a Plymouth. Ma'ana in gwiwa ta ƙi ko ruwan sama ya hana, akwai ƙofar fita a tsakiyar hanya. Ilfracombe dai ba ta da jirgi tun 1970, sai ka tuƙa daga Barnstaple ka je. A manyan jirage a kama wa keke gurbi tun da wuri, wuraren kaɗan ne. Kai keke daga Ingila zuwa La Rochelle kuwa aiki ne: ko ka kwance shi ka sa a kwali ka hau jirgin sama, ko ka bi jirgin ruwa da jiragen ƙasa biyu ko uku, ko ka yi haya a can ka san yadda za ka mayar da shi inda ka karɓa. Ko ta yaya, kwana biyu cikin bakwai sun tafi a hanya.

A wajen kwana Faransa ta yi gaba. Gaɓar cike take da filayen kafa tanti, da bayi da wurin wanka, wasu na hukumar gari ne masu sauƙin kuɗi. Akwai kuma alamar Accueil Vélo da ake maƙala wa masauki ko shagon gyara da ke kusa da hanyar kuma ya tanadi wurin ajiye keke. Mai tanti da ƙaramin risho zai yi mako bai kashe da yawa ba, in dai ba Yuli da Agusta ba ne, lokacin da Faransawa suke kwarara bakin teku, wurare su cika, farashi ya hau, hanyar ma ta cika da yara a kan kekuna. A Devon an fi dogara da gidajen da ake ba ka ɗaki da karin kumallo, sun fi tsada, amma ba ka ɗauki tanti ka hau tudu da shi ba, kuma kwana uku ko huɗu ne kawai.

Abinci da ibada ba ƙaramin abu ba ne a irin wannan tafiya. Kilishin da ake ta kwaɗayin yin guzuri da shi ba a yarda a shiga da shi Birtaniya ko Turai ba, haka ma kayan madara, kuma ko daga Ingila za ka shiga Faransa dokar tana nan. Dabino da ƙuli-ƙuli da yaji su ne abokan tafiya. A ƙauyukan hanyoyin biyu da wuya ka sami naman halal, sai a manyan garuruwa. A Devon kifi da dankali ne mafita, amma ka tambaya ko an kwaɓa fulawar da giya, da kuma irin man da aka soya. A Faransa burodi ne mai kyau kowace safiya, da cuku, da ƙwai, da sardin na gwangwani, da tumatir. Ka haddace kalmomi uku, porc da jambon da lardons, duk alade ne, kuma suna ɓuya har cikin abin da ka ɗauka ganye ne zalla. A ƙananan garuruwansu shaguna sukan rufe da tsakar rana, ranar Lahadi da yamma ma haka, mai hankali ya yi sayayya da safe. Masallatai akwai a Exeter da Plymouth, akwai a Nantes da La Rochelle da Bayonne, tsakaninsu kuwa dardumarka ce masallacinka. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai, tafiyar da ta kai mil 48 ana yin ƙasaru, sai mutum ya zauna da malaminsa kafin ya tashi ya ji hukuncin dalla-dalla. Kada kuma a fuskanci inda aka saba. Mu a Kaduna alƙibla gabas ce ta ɗan karkata arewa, a can gabas ce ta karkata kudu. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Devon sai wajen tara da rabi na dare, ta fito wajen biyar, saboda haka tsakanin Isha da Asuba barcin kaɗan ne. Mai keke ya rama da ƙailula.

Yanayi kuma jikin ɗan Arewa ya fi sanin na Faransa. Bazarar Devon zafinta yakan tsaya wajen digiri 20, safiyarta kamar ta hunturu a Kaduna, ruwa kuma ba ya sallama, yayyafi ne mai naci da zai iya yini yana zuba. Ba rigar ruwa da madigadi kada ka fita. Kudu maso yammacin Faransa ya fi ɗumi, wani lokaci zafin ya kai namu na Afrilu. A Yulin 2022 gobara ta cinye dubban hekta na dajin kusa da Dune du Pilat, kuma in haɗarin wuta ya yi yawa hukuma takan hana shiga hanyoyin dajin da rana. Tsakanin ƙauye da ƙauye akwai nisa, gora biyu ta ruwa ita ce mafi ƙaranci. Mayu da Yuni da Satumba sun fi dacewa da duka biyun. Ina kuma roƙon duk wanda zai je gaɓar nan ta Faransa ya ji tsoron ruwanta. Akwai wasu ramuka da suke kira baïne, samansu lumui kamar tafki, ƙarƙashinsu igiya ce mai jan mutum zuwa tsakiyar teku, kuma tana cin rayuka. Iyon da aka koya a rafi ba ya aiki a nan. In za a shiga, a shiga tsakanin tutocin masu ceto kawai.

Wasu ƙananan abubuwa biyu suna kayar da mutum. Na farko batun hagu da dama ne: a Ingila hagu ake bi, a Faransa dama kamar yadda muke yi tun 1972. Birki ma haka ya bambanta: keken Ingila birkin gaba a hannun dama yake, na Faransa a hagu. Wanda ya karɓi keken haya ya matsa kowanne ya ga tayar da ta kama kafin ya hau, don damƙe birkin gaba a gangara ba wasa ba ne.

Na biyu shi ne faci. A Kaduna ko ina tayarka ta sace, ba za ka tura keke minti goma ba ka ga mai faci a gindin bishiya da bahonsa na ruwa. Can babu shi. Wata Lahadi a cikin dajin nan tayata ta baya ta yi faci, na ciro sabon tib da na saya, ashe bakinsa mai kauri ne irin na mota, ramin wilina kuwa na siririn baki ne, ya ƙi shiga. Gam ɗin da ke jakata ya bushe. Na tura keke da kaya cikin zafi har ruwana ya kusa ƙarewa, kafin wani dattijo da matarsa suka tsaya suka ba ni nasu kayan facin. Faransancina bai wuce gaisuwar da na tsinta a bakin 'yan Maraɗi ba, da hannu muka yi magana, har yau ina tuna su da alheri. Wannan ma abin aunawa ne: a Devon ka iya bayanin matsalarka, a ƙauyen Faransa sai wanda ya taɓa zama Nijar ko Kwatano. Kafin kowa ya tafi, ya je wurin mai facin unguwarsu ya zauna, ya cire tayar baya da hannunsa ya mayar, sau uku. Ya tabbata famfonsa da tib ɗinsa da wilinsa bakinsu ɗaya.

Keken kansa ba sai mai tsada ba. Mai giya, mai taya matsakaiciya, mai kariya a baya da za a rataya jaka biyu, ya isa duka hanyoyin. Kada a goya jaka a baya, kwana ɗaya za ta gama da kafaɗa. Devon tana son giya mai laushi sosai saboda tuddan tsakiya. Ta dajin Faransa kuwa ko Raleigh irin na iyayenmu zai iya ta.

Wani daga cikin abokan shayin ya ce me ya sa ban sa Holan a lissafi ba. Gaskiya ne hanyoyin kekenta sun fi na kowa tsari, kuma tana da hanyar gaɓa mai ratsa tuddan yashi, ga shagunan halal a garuruwa. Amma bizar Shengen ɗin ce dai, kuma iskar tekunsu in ta fuskance ka ta fi tudu wahala, don tudu yana da ƙarshe.

Duk lokacin da na yi wannan hira sai zuciyata ta dawo gida. Mu ma muna da irin wannan turba. Ƙaramin layin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Rahama ya hau Jos, wanda aka gama a 1914 don jigilar kuza, an rufe shi a 1957. Ka ƙiyasta hanyar keke a kansa, ta gonakin masara da duwatsun ƙasar Lere, 'yan makaranta da masu kai kaya kasuwa suna bi ba tsoron tirela. Matsalar tsaro ta shekarun nan ta sa mu kanmu ba ma wuce bakin gari, muna fita bayan Asuba mu dawo kafin titi ya cika, kuma ba zan ce wa kowa ya ɗauki keke ya shiga dajin da bai sani ba. Abin yana yi mini ciwo, don ƙasar tana da kyau, kuma ba mu rasa ƙafafu ba.

Da daddare na kira ɗan yayata na ce masa Devon. Yana da mako guda, ba shi da Shengen, bai taɓa yin kwana biyu a jere a kan sirdi ba, kuma yana bukatar hanyar da jirgi zai iya ɗauko shi daga tsakiyarta. Da a ce da iyali zai je, ko mai ciwon gwiwa ne, ko yana da kwana goma da biza a hannu, da Faransa zan ce, daga La Rochelle ya yi kudu, a Yuni ko Satumba. Na tsara masa zanguna: ranar farko jirgi zuwa Barnstaple ya tuƙa zuwa Ilfracombe ya kwana, ta biyu zuwa Great Torrington, ta uku ita ce mai wuya, ya tashi da sassafe ya kai Okehampton, ta huɗu Tavistock, ta biyar ya gangara Plymouth. Na ce in ya isa ya je bakin tashar jiragen ruwa ya ga wanda ke zuwa Roscoff, ya fara neman biza da wuri in yana son baɗi.

Washegari mahaifiyarsa ta kira ni. "Kai ne ka sa masa wannan abu a rai ko?" Na ce, "Ni ne, Yaya." Na karanta mata sunayen garuruwan ɗaya bayan ɗaya ta rubuta a bayan kalanda, muka yi da shi cewa duk yamma in ya sauka zango zai kira ta kafin ya nemi abinci.